Gadon Ƙasa da Sarauta a Gidajen Manyan Ingila

Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙasa duka ta koma hannun sarki. Shi ke yanka wa manyan mayaƙansa gandaye, su kuma su kawo masa barade idan yaƙi ya taso. Gandun da aka kasa wa 'ya'ya biyar ba zai ɗauki nauyin barde da dokinsa da sulkensa ba, don haka zuwa ƙarni na 13 doka ta tsaya a kan cewa babban ɗa namiji shi kaɗai ke gadon ƙasa. Wanda ya saba da rabon gado irin na Musulunci zai ga abin bambaraƙwai. Mutanen lardin Kent ma ba su bi ba, sun ci gaba da raba wa 'ya'ya maza daidai wa daida.

A 1285, zamanin Edward na Ɗaya, aka ba mai ƙasa ikon ɗaure ta ga zuriyarsa: magaji ya ci amfaninta, amma ba shi da ikon sayarwa. Lauyoyi suka ɓullo da ƙarar bogi a kotu don kwance ɗaurin. Daga ƙarni na 17 sai manyan gidaje suka sake salo. Da zarar magaji ya kai shekara 21 ko ya tashi aure, uban zai yanka masa kuɗin kashewa na shekara, shi kuma ya sa hannu a sake ɗaure gandun ga ɗan da bai ma haifa ba. Ƙanne maza sai aikin soja, ko coci, ko lauya. 'Yan mata a sallame su da kuɗin aure.

Sarauta kuwa tafarkinta daban, ba ta bin wasiyya. Takardar naɗi ce ke faɗin wanda zai gada, galibi namiji, idan babu shi sarautar ta mutu. A nan rigima ke tashi. Da George Clifford, mai sarautar Cumberland, ya rasu a 1605, ya bar wa ƙanensa gandayen gidan, alhali tsohon ɗaurin da ke kansu bai ware mace ba. 'Yarsa Anne, tana da shekara 15 a lokacin, ta ce ba ta san zancen ba. Sarki James da kansa ya shiga tsakani a 1617, mijinta ya matsa mata ta karɓi kuɗi, ta ƙi. Ba kotu ce ta ba ta ba: sai da ɗan baffanta ya mutu ba ɗa namiji a 1643 gandayen suka dawo hannunta, bayan shekara 38. Gidan Marlborough sun fi sa'a, majalisa ta yi musu doka ta musamman a 1706 don mace ta iya gada, 'yar gidan Henrietta ta gaji sarautar ubanta a 1722.

Kuɗi ne ya karya tsarin. Alkamar Amurka mai arha ta zubar da darajar gonaki daga shekarun 1870, aka kuma ɗora harajin gado a 1894. Dokar 1925 ta soke fifikon babban ɗa a ƙasar wanda ya mutu ba wasiyya. Da mai sarautar Devonshire ya rasu a 1950, hukuma ta nemi kashi 80 cikin ɗari na dukiyarsa, har sai da iyalin suka miƙa gidansu na Hardwick a madadin wani kaso na harajin. A 1999 aka fitar da masu sarautar gado daga Majalisar Dattawa, aka bar musu kujeru 92 kawai.