Mayotte: Tsibirin Musulmi a Hannun Faransa

Tsakanin Madagaska da gaɓar Mozambik akwai ɗan tsibirin Mayotte, wanda a taswira Afirka ne, a takarda kuwa Faransa ce. Ƙidayar 2017 ta samu mutum 256,518, yau sun haura 300,000, kuma ana ƙiyasta kashi 95 cikin ɗari Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i. Ƙiyasi ne, domin Faransa ba ta tambayar addini a ƙidaya. A ganina, abin da ya riƙe Musulunci a nan makarantar allo ce da ɗarika da iyaye mata, domin su ne suka tsaya duk lokacin da mulki ya canja hannu.

Addinin ya biyo jiragen fataken gaɓar Swahili ne, ya zauna sannu a hankali. A garin Tsingoni, tsohuwar fadar sarakunan tsibirin, mihrabin masallaci na ɗauke da shekarar 1538 a sassaƙe, kuma har gobe ana salla a ciki. Sarautar da ta gina shi fa? A 1841 Sarki Andriantsoly ya miƙa tsibirin ga Faransa, gadon mulki ya wuce, jam'i bai watse ba. A 1974, da sauran tsibiran Komoros suka zaɓi 'yancin kai, mutanen Mayotte suka ƙi, bayan gwagwarmayar mata irin su Zéna M'Déré, wadda malamar allo ce. Wannan kaɗai ya nuna inda ƙarfin al'ummar yake. Gida a can na mace ne, miji ne ke tarewa. Yaro kan yi sammako zuwa wajen malam da allonsa kafin ya nufi makarantar boko, mata kuma su jeru cikin zannuwa iri ɗaya suna begen Manzo a taron da suke kira debaa, ga zikirin Shaziliyya da Ƙadiriyya da Rifa'iyya.

Mai ja zai ce wannan zance ya tsufa, kuma yana da hujja. A 2009 kashi 95 na masu ƙuri'a suka amince tsibirin ya zama cikakkiyar jihar Faransa, a 2010 aka karɓe ikon shari'a daga alƙalan Musulunci, aka daina ɗaura sabon auren mace fiye da ɗaya a hukumance, a 2011 Mayotte ta zama jiha ta 101. Asara ce babba, domin aure da saki da gado sun koma hannun kotun da ba ta san fiƙihu ba. Amma alƙalan suna nan a matsayin masu sulhu, mutane na kai musu rigimar gida, kuma babu dokar da ta rufe makarantar allo. Barazanar da ta fi wannan ita ce talauci, da matasan da ke tashi ba aiki ba karatu, balle bayan guguwar Chido ta Disamba 2024 da ta rushe unguwannin talakawa. Duk mai kishin Musuluncin Mayotte, ya fara da taimakon malaman allonta.