Daga Aƙila Zuwa Takardar Inshora: Inda Diyyar Haɗarin Mota Ta Maƙale

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, da umarnin Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, na a riƙa tare motoci ana duba takardar inshora ya fara aiki, maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tashoshin mota da majalisun direbobi. Wasu na kukan kuɗin: naira 15,000 a shekara ga ƙaramar mota, alhali kafin Janairun 2023 naira 5,000 ne. Wasu na cewa an dai buɗe wa masu shinge wata sabuwar ƙofar na-goro. Wasu kuma sun tsaya a kan halal ce ko haram. Na saurari duk wannan, abin da ya dame ni shi ne ban ji ana tambayar wa aka yi takardar dominsa ba. Ba don direba aka yi ta ba, ba kuma don ɗan sanda ba. Don mutumin da motar za ta buge ne, da fasinjan da ya biya kuɗin mota ya ƙare a gadon asibiti, da marayun wanda bai tashi ba. A ƙasar da ƙididdigar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta nuna hanya ta ci ran sama da mutum 5,000 a 2024 kaɗai, wannan tambayar ce ya kamata ta zo a gaba.

Biyan jini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Larabawa na yi tun kafin Musulunci, Musulunci ya zo ya tabbatar da shi ya yi masa iyaka, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara. Daga nan hukuncin ya biyo littattafan Malikiyya ya iso zaurukan malamanmu da kotunan alƙalai, ya ƙara ƙarfi bayan jihadin 1804.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna yadda aka tsefe abin. Ran mutum raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Akwai kuma mas'alar da nake ganin ita ce uwar zancenmu na yau: wanda ya hau dabba, da wanda ke janta, da wanda ke korarta, duk suna ɗauke da lamunin abin da ta taka. Ka cire doki ka sa tirela, hukuncin bai motsa ba. Haka ma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gani a zamanta na Brunei a 1993, inda ta ce haɗurran mota suna ƙarƙashin hukunce-hukuncen laifin jini da aka sani, kuma bin dokar hanya wajibi ne.

Sai dai in rai aka rasa, shari'a ba ta ce mahayin shi kaɗai zai biya ba. A kisan kuskure, aƙila ce ke biya, wato danginsa maza ta wajen uba, a rarraba musu gwargwadon hali, a biya cikin shekara uku. Malamai sun san mutum ɗaya ba ya iya fitar da raƙuma 100. Dinari 1,000 kusan kilo huɗu da kwata ne na zinariya, wanda a kasuwar yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Hikimar ke nan: kuskuren mutum ɗaya, nauyin jama'a, don kada jinin wani ya tafi a banza, kada kuma mai kuskure ya durƙushe.

Turawan da suka zo mana da mota, su a wannan fanni baya suke. A 1808 wani keken doki na haya ya kife a Ingila, matar wani mutum ta rasu, ya kai ƙara, alƙali Lord Ellenborough ya ce mutuwar mutum ba abin neman diyya ba ce a kotun farar hula. Wato wanda ya karya maka ƙafa zai biya, wanda ya kashe ka ba zai biya iyalinka ba. Sai da jiragen ƙasa suka yi ta cin rayuka sannan majalisarsu ta yi dokar 1846 da ta ba iyalan mamaci damar ƙara. Mota ta zo, ta kashe Bridget Driscoll a Landan a 1896, aka shiga wata matsalar: kotu za ta yanke diyya, direba ba shi da ko sisi. A 1930 suka wajabta wa kowane mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. In ka duba da kyau, aƙila suka ƙirƙiro, sai dai maimakon 'yan'uwan jini, masu motoci ne ke tara kuɗin.

Najeriya ta kwafo wannan doka a 1945, ta fara aiki a 1950. Lokacin kamfanonin inshorar na Turawa ne, irin su Royal Exchange da ya buɗe reshe a Legas tun 1921, harkarsu kuma da manyan kamfanonin fatauci ce, ba da mai lodin gyaɗa daga Gusau ba. Dokar ta ce duk motar da za ta hau titi sai tana da inshorar da za ta biya in an yi kisa ko rauni, har da fasinjan da ya biya kuɗin mota, kuma ba ta yanka wa diyyar rai ko ta rauni iyaka ba. Iyakar da ake ta ambata yanzu, naira miliyan 3, ta ɓarnar dukiya ce kawai. Mutane da yawa, har da masu boko, ba su san wannan bambancin ba.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi wani abu a 1956 da ya kamata a yaba mata. Ta kafa tata dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, da ta zo fayyace waɗanda ke da ikon neman haƙƙi, sai ta ce in mamacin Musulmi ne, su ne waɗanda shari'a ta ba rabo a diyyar kisan kuskure. Ga gada an gina tsakanin littafin malam da kotun Bature. A 1976 aka kafa Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi, daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da tsaya wa marasa ƙarfi kyauta a ƙarar neman diyyar haɗari. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Dokar inshora ta 2003 ta sa tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga mai tuƙi babu inshora, ta kuma tanadi asusu don waɗanda direba marar inshora ko wanda ya gudu ya kashe ko ya naƙasa. A 2025 aka haɗe tsofaffin dokokin a sabuwar doka guda. A takarda dai babu abin da muka rasa.

To me ya sa a goma da wuya ka samu ɗaya da ya nema?

Amsar da aka fi bayarwa, musamman a bakin ma'aikatan inshora da 'yan jaridar Kudu, ita ce ƙaddara: wai Bahaushe da ya ce "kwana ne ya ƙare" shi ke nan ya rufe littafi. Ban yarda ba. Mutumin da ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne kuma zai yi shekara bakwai yana zarya a kotu kan iyakar gona. Kakanninmu da suka fi mu tawakkali sun karɓi diyya a gaban alƙali ba su ji kunya ba. Imani da ƙaddara bai taɓa soke haƙƙi ba.

Amsa ta biyu ita ce fatawa. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihun nan ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya. Wannan ya sanyaya gwiwar mutane da dama, ba na musu. Amma mutanenmu ba sa neman diyyar tun shekara talatin kafin fatawar. Kuma takaful, wato ita inshorar taimakekeniyar, wadda Sudan ta fara a 1979, ta samu ƙa'idojinta a Najeriya a 2013, an ba kamfanoninta lasisi a 2016, duk da haka layin masu neman haƙƙi bai yi tsawo ba. Amsa ta uku, tsadar lauya da jan ƙafar kotu, tana da ƙamshin gaskiya fiye da sauran, sai dai tana bayanin dalilin da ya sa mutum ke gajiya a hanya ne, ba dalilin da ya sa bai fara ba.

Ni a ganina, abin da ya faru shi ne aƙila ta watse, wadda aka kawo a madadinta kuma ba a taɓa gabatar da ita ga jama'a ba. Direban da ya baro ƙauyensu yana kwana a tasha ba shi da dangin da za a tara a yanka musu kaso. Inshora kuwa ba ta shigo mana a matsayin alƙawari tsakanin mai mota da kamfani ba. Ta shigo ne cikin "takardun mota", wani ɗan tsaye a bakin ofishin lasin ya karɓi kuɗinka ya haɗo maka su a leda, sau da yawa ma ta bogi ce, kamfanin da ke jiki babu shi. Mai motar ya ɗauke ta a matsayin haraji, maganin ɗan sanda. Da haɗari ya auku, sai a ga mutum ɗaya tal a tsaye a gaban iyalan mamaci, talaka, yana rawar jiki. Wane mai imani ne zai dube shi ya ce kawo diyya?

Na ga wannan da idona. Shekarun baya wata bas ta haya ta yi taho-mu-gama da babbar mota kusa da Kwanar Dangora, a hanyar Kano zuwa Zariya. Ɗan yayata na ciki, magidanci mai 'ya'ya huɗu, tela. Ya kwana biyu a asibiti ya cika. Ranar sadakar uku shugabannin tasha suka zo da direban babbar motar da wakilin mai ita. Direban ya tsuguna a bakin tabarma, ya cire hula yana murza ta a hannu, bai iya ɗaga kai ba. Wakilin ya tura ambulan gaban kawunmu, ga buhun shinkafa an jingine a bango.

"Baba, a yi haƙuri, a yafe wa yaron nan. Wallahi ba shi da komai sai iyali."

Kawu ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya tura ambulan ɗin baya. "Mu ba ma cin kuɗin jini. Mun yafe, duniya da lahira."

Aka shafa fatiha, kowa na yaba masa. Ni ma na yaba, har yau ina ganin girman zuciyarsa. Amma matar mamacin tana cikin gida tana takaba, babu wanda ya leƙa ya tambaye ta, alhali tana da tumuninta a diyyar. Yaran kuwa babbansu bai kai shekara goma sha biyu ba, kuma malamai sun yi bayani cewa diyya gado ce, waliyyi ba shi da ikon yafe rabon maraya a banza. Babu wanda ya ce a nuna takardar inshorar motar, har da ni da nake taƙama na yi boko. Motar kamfani ce mai jigilar kaya, da wuya a ce ba ta da ita. Da an nema, ba aljihun direban za a taɓa ba. Bayan shekara biyu aka cire babban yaron daga makaranta aka kai shi koyon gyaran babur.

Kalmar nan ta kawu, kuɗin jini, ita ce ke nuna nisan da muka yi. Abin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa ya ce a miƙa wa iyalan mamaci, mun mayar da shi abin kunya, don mun daina ganin jama'ar da ke bayan mai biya.

Hanyar neman haƙƙin ba ɓoyayyiya ba ce. Ana buƙatar rahoton 'yan sandan da suka auna wurin, da lambar motar, da takardun asibiti da rasiɗan magani, ko shaidar rasuwa. Da lambar mota kaɗai ana iya duba rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora a waya a ga ko inshorar ta gaske ce da kamfanin da ya yanke ta. Sai a rubuta wa kamfanin da wuri, don ƙarar tana da wa'adi, in ya wuce kotu ba ta saurara. In kamfani ya yi taurin kai akwai sashen koke-koke na hukumar kula da inshora, NAICOM, akwai kuma ofisoshin agajin lauyoyi a manyan biranen jihohi. Matsalar da nake yawan gani ita ce ɗori: a ɗauke majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori a ƙauye, ƙafa ta warke a karkace, ba takarda ko ɗaya da za a nuna. Wanda aka yi wa aiki a asibitin ƙashi na Dala yana da fayil da hoton ƙashi, da su lauya ke tsayawa gaban alƙali.

Masu wa'azi kuwa, waɗanda ke karanta mana adadin diyya duk wata tare da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, su nake roƙo su ƙara jumla ɗaya a kan mumbari: wa zai biya ta a yau? Ƙungiyar direbobi tana karɓar kuɗi a kowane lodi, tana da rajistar mambobinta a kowace tasha, Sayyidina Umar ma ya taɓa ɗora aƙila a kan waɗanda rajista ɗaya ta haɗa. Da tashoshin Kano, Kaduna da Sakkwato za su yanki takaful na gaske ga motocinsu su riƙa raka iyalan mamaci har kamfani, da shugabannin tasha sun daina zuwa zaman makoki da ambulan da buhun shinkafa.