Tarihin Ƙananan Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa Da Darasin Da Ke Ciki Ga Makarantarmu

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in kawo wani abu a kan tarihi, sai na ce masa zan kawo tarihin wata na'ura wadda dukkanmu mun san ɗakinta, amma 'yan kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ɗora hannu a kanta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda yanzu kowa ke kira kwamfuta.

Waɗanda muka shiga aji ɗaya tare a 2001 za su tuna da ɗakin nan na ƙarshen baranda, wanda sai mun tuɓe takalma a bakin ƙofa kafin mu shiga, kamar za mu gaida hakimi. Za su tuna da ƙyallen da ake lulluɓe na'urorin da shi saboda ƙurar hunturu, da yadda Malam zai zana hoton kwamfuta a allo, ya sa mu haddace sunayen sassanta. Ranar da aka samu wuta, kafin layi ya kai kan na goma an ɗauke. Mun ci jarrabawar da maki masu kyau, amma da yawanmu mun bar makaranta ba mu taɓa ba wa na'urar umarni ko guda ba. Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa da abin da ke hannunsa, Allah ya saka masa da alheri.

Mafarin Al'amari

A da can, kwamfuta ƙatuwar aba ce mai cika ɗaki, sai gwamnatoci da manyan kamfanoni da jami'o'i ke iya mallakarta. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a kan ɗan guntun falle wanda bai kai farce ba. A 1975 wani kamfani a Amurka mai suna MOS Technology ya fito da irin wannan ƙwaƙwalwa mai lamba 6502, ya sa mata kuɗi dala 25 kacal, alhali takwarorinta sun ninka haka sau da yawa. A 1976 kuma kamfanin Zilog ya fito da tasa mai suna Z80. A kan waɗannan biyu aka gina mafi yawan kwamfutocin gida na wancan zamani.

Apple II ta fito a 1977 da 6502 a cikinta. A Ingila, kamfanin Acorn ya ƙera BBC Micro a 1981, ita ma da 6502, kuma ta cika makarantun ƙasar. A 1982 Clive Sinclair ya fito da ZX Spectrum mai Z80, ana sayar da ƙaramarta fam 125. A shekarar dai Commodore 64 ta shigo kasuwa a kan dala 595, aka sayi miliyoyinta kafin kamfanin ya durƙushe a 1994. Waɗannan na'urori talabijin ɗin gida ake jona su da shi, kuma a kan kaset irin na rikoda mutane da yawa ke ajiye aikinsu.

To, ga abin mamaki. Ma'ajiyar Commodore 64 gaba ɗayanta bayit 65,536 ce, kuma bayit ɗaya kamar gurbin harafi ɗaya ne. Idan ka kunna ta, sai ta sanar da kai cewa bayit 38,911 ne ya rage maka ka yi rubutu. Hoto guda da za ka ɗauka yau da wayarka ya fi ƙarfin wannan ma'ajiya nesa ba kusa ba. Amma da an kunna ta, harshen BASIC ne ke tarar mutum, yana jiran umarni. Babu wani abin da za ta yi maka sai ka gaya mata. Wannan ne ya sa yara 'yan shekara goma sha biyu a ƙasashen Turai suka tashi da sanin rubuta manhaja tun a ɗakin iyayensu.

Harshen C Da Tafintansa

Ƙwaƙwalwar na'ura lambobi kaɗai take ji. Shi kuma ɗan Adam ya fi gane kalmomi. Saboda haka dole a samu tafinta a tsakani, wato wata manhaja da za ta karɓi abin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa lambobin da na'urar ke ji. Harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth a 1964, yana da sauƙin koyo, sai dai a waɗannan ƙananan na'urori tafintansa layi-layi yake fassarawa a daidai lokacin da ake aiki, don haka yana da nawa ƙwarai. Masu son sauri, kamar masu ƙera wasanni, sai su koma rubutu da harshen ƙwaƙwalwar kanta, wanda wahalarsa ba a magana.

A 1972 Dennis Ritchie na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ya ƙirƙiro harshen C, wanda ya tsaya a tsakiya: mutum na iya karanta shi, kuma tafintansa na fassara shi gaba ɗaya tun kafin a fara aiki, saboda haka yana gudu da sauri. A 1978 shi da Brian Kernighan suka wallafa littafin da ya yaɗa harshen a duniya. A 1980 kuma Ron Cain ya fitar da wani ɗan ƙaramin tafinta mai suna Small-C domin ƙananan na'urori.

Amma akwai matsala. Tafintan C babba ne, ma'ajiyar kwamfutar gida kuwa ƙarama ce, kamar a ce za a shigar da raƙumi akurki. Ga shi kuma 6502 gurabe uku kawai take da su na riƙe lamba a lokacin lissafi, kuma wurin da take jibge bayanan wucin gadi bayit 256 ne tak, alhali harshen C ya dogara sosai a kan irin wannan wuri. Mafitar ita ce a ajiye tafintan a babbar na'ura, a yi rubutu da fassara a can, sannan a ɗauko sakamakon a kai wa ƙaramar. Ni na kan kira shi tafintan ƙetare, domin a gida ɗaya yake zaune, amma wa wani gida yake aiki. Kamar tela ne a Kano da zai ɗinka wa yaro riga a Kiyawa, bai taɓa ganinsa ba, awo kawai aka aika masa.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1975 Bill Gates da Paul Allen sun rubuta BASIC na kwamfutar Altair ba tare da suna da ita a hannu ba. A babbar na'urar Jami'ar Harvard suka yi aikin, bayan Allen ya rubuta manhajar da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar Altair. Daga nan kamfanin Microsoft ya samo asali. A yau akwai tafintan ƙetare mai suna cc65, wanda ya samo tushe daga Small-C, kuma wani Bajamushe, Ullrich von Bassewitz, ya faɗaɗa shi tun daga ƙarshen shekarun 1990. Kyauta ake samunsa, yana kuma fassara wa Commodore 64 da Apple II da Atari da wasu. Na'urori masu Z80 su ma suna da nasu, z88dk.

Mu A Nan Gida Fa?

Gwamnatin tarayya ba ta yi barci a kan lamarin ba. A 1987, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilimi, an kafa kwamiti a kan koyar da kwamfuta, kuma a 1988 aka samu manufar ƙasa a kan haka, da niyyar farawa daga makarantun gwamnatin tarayya. Sai dai tsara manufa daban, isar na'ura aji daban. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, manyanmu a wurin aiki sun sha ba mu labarin yadda aka fara da tafireta da takardar kabon da ofisoshin aro. A wancan hali, wa ke zancen kwamfuta a makarantar sakandare?

Amma duk da haka 6502 ta shigo gidajenmu ta bayan gida, ba mu sani ba. Kun tuna gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa, wanda 'yan kasuwa ke sarowa daga Kano? Kwaikwayon Famicom ne, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, kuma ƙwaƙwalwarta jinin 6502 ce. Wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda ya hana wasunmu zuwa aike, kilobayit 40 ne gaba ɗayansa. Ashe kwamfuta muke riƙe da ita a hannu, muna zaton abin wasa ne kawai. Haka kuma wayar da ke aljihunka yau: kamfanin Acorn ɗin nan mai BBC Micro shi ya ƙera ƙwaƙwalwar ARM ta farko a 1985, kuma zuriyarta ce ke cikin kusan kowace wayar salula.

A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, jiharmu ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa, aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, wadda wasu abokan karatunmu suka halarta. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, sannan daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Daga ranar, rashin sanin na'urar ya tashi daga abin kunya ya koma abin da ke iya hana yaro shiga jami'a.

Yadda Na Ƙera Harafin Ƙ

A jami'a na fara koyon harshen C, amma aikin ofis ya sa na ajiye shi. A wani hutu da na samu, sai na sauko da cc65 a tsohuwar kwamfutata ta hannu, tare da VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64 har da shuɗin allonta. Abu na farko da na so in rubuta shi ne "Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai". Nan take na ci karo da bango: na'urar ba ta san Ƙ ba, ba ta san Ɗ ba. Tsarin haruffan ASCII na 1963, wanda na'urorin suka ginu a kansa, gurabe 128 gare shi, babu haruffanmu masu lanƙwasa ko ɗaya. Tsarin Unicode da ya zo a 1991 ya ba su gurbi, alhali jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya tun 1939.

To, amma a Commodore 64 kowane harafi zane ne na ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance, kuma ana iya kwafo haruffan zuwa ma'ajiya a sauya su. Kowane layi lamba ɗaya ce: ɗigon farko daga hagu 128 ne, na biye 64, sai 32, a yi ta rabawa biyu har zuwa 1. Na ɗauki takardar lissafi mai gidaje, irin wadda Malamin lissafi ke tilasta mana saye, na zana ƙaramin ƙ, na tara lambobin layi-layi, suka ba ni 56, 96, 96, 108, 120, 108, 102, 0. Lambar farko, 56, ita ce lanƙwasar da ke kan harafin. Na zuba su cikin 'yan layukan C, tafinta ya fassara, sai ga ƙ a allo. Manya da ƙananan ɓ, ɗ, ƙ duka bayit 48 suka ci.

Wallahi na daɗe ina kallon wannan harafi. A daren nan na gane lissafin tushe biyu da muka haddace a aji biyar ba tare da mun san amfaninsa ba. Na kuma yi tunanin cewa na'urar 1982 tana iya rubuta Hausa tun ranar da aka ƙera ta, wanda zai gaya mata ne ba a samu a kusa da mu ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, har yanzu akwai ƙannenmu daga ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu waɗanda ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da za su zauna gaban kwamfuta. Duk lokacin da zancen ɗakin kwamfuta ya taso a taronmu, sai mu tsaya a kan tsadar sababbin na'urori, taro ya watse ba a yanke komai ba. Tarihin da na kawo ya nuna cewa waɗanda suka gina wannan fanni sun koya ne a kan na'urorin da ba su kai tsohuwar kwamfutar da ke jibge a ƙarƙashin gadon kowannenmu ƙarfi ba. Abin da suka fi mu da shi shi ne an bar su sun taɓa, sun ɓata, sun gyara.

Don haka ina ba da shawara uku. Na ɗaya, duk mai tsohuwar kwamfutar hannu da ke tashi, ko batirinta ya mutu, ya kawo ta ga shugabannin ƙungiya. Na biyu, kuɗin da za mu tara mu sa su a faranti mai amfani da hasken rana da batir, domin rashin wuta shi ya kashe mana namu darasin. Na uku, waɗanda suka karanci fannin a cikinmu su ba da Asabar ɗaya a wata, da izinin Shugaban makaranta, su zauna da yaran. VICE da cc65 ba sa bukatar intanet bayan an sauko da su, ba sa kuma bukatar ko kwabo. Ni na ɗauki alkawarin Asabar ta farko, kuma darasin da zan fara da shi shi ne kowane yaro ya zana harafin farko na sunansa a takarda mai gidaje, ya gan shi a allo da hannunsa.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya kuma bar zumunci.