Mugu mai farin jini: waiwaye kan fim ɗin The Third Man

A shekarar 1946 ne masu sharhin sinima na Faransa, cikinsu har da Nino Frank, suka laƙaba sunan film noir, wato baƙin fim, ga wasu finafinan Amurka masu cike da duhu da cin amana. Bayan shekara uku, a 1949, Ingila ta fito da nata gwanin, The Third Man, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Le Troisième Homme. Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta labarin.

An ɗauki fim ɗin a Viyana, babban birnin Ostiriya, tun kangayen Yaƙin Duniya na Biyu suna tsaye. A lokacin Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet sun raba birnin gida huɗu, haka kuwa ya zauna har 1955. Inda hukuma ta rarrabu, kasuwar bayan fage kan yi ƙarfi. Cikin wannan hali Holly Martins, wani marubucin Amurka, ya iso neman amininsa Harry Lime, aka ce masa ya mutu. Ashe Lime na nan da ransa, yana ɓuya, domin ya sayar da fenisilin ɗin sata da ya tsarma da ruwa, yara masu sanƙarau suka mutu, wasu suka haukace.

Abin da ke jan mai kallo a fili yake. Robert Krasker ya karkata kamara, ya sa inuwa ta yi tsawo bisa jiƙaƙƙun tituna, aikin da ya ba shi kyautar Oscar. Anton Karas ya kaɗa zita, wata abar kiɗa mai tsirkiya da yawa, shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Orson Welles, wanda ya fito a matsayin Lime, bai bayyana ba sai bayan kusan awa guda, amma murmushinsa a bakin wata ƙofa ya mamaye fim ɗin duka. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1949.

Sai dai aibinsa na nan cikin kyawunsa. An ba mugu daɗin baki da farin jini, waɗanda ya cuta kuwa aka hana su fuska. Da aka kai Martins asibiti, kamara ba ta nuna yaran ba. Daga saman babban lilon Prater, Lime ya kwatanta mutanen da ke ƙasa da ɗige-ɗige marasa daraja, kuma fim ɗin kansa ya kusa yi musu irin wannan kallo. Ƴan Viyana ba su wuce masu gadi da ƴan damfara ba, kuma an yi shiru a kan abin da birnin ya aikata zamanin Nazi.

Mai karatu a Nijar ba zai ɗauki labarin jabun magani wasa ba. A annobar sanƙarau ta 1995, an gano allurar rigakafi ta jabu da aka yi wa dubban mutane a ƙasar nan. Wanda ya san wannan zai fi fahimtar Martins, sa'ad da ya bi amininsa cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin birni ya harbe shi. Greene ya so labarin ya ƙare da daɗi, Reed ya ƙi: bayan jana'iza, Anna, masoyiyar Lime, ta wuce Martins ba tare da ta dube shi ba.