Daga keken Raleigh zuwa keken tsere: me ya sa ake duƙawa kan gidon?



Kwanakin nan kuna ganin samari kan hanyar Kornaka bisa kekunan tsere 'yan gwanjo, kai a ƙasa, baya a lanƙwashe. Dattawa na dariya, suna cewa yaro ya sayi keke ya dawo yana ruku'u. To wannan duƙawa tana da tarihinta.

Keke mai ƙafa biyu daidai da sarƙa, irin wanda muka sani, John Kemp Starley ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885. Daga nan hanya ta rabu biyu. Keken Raleigh da iyayenmu suka hau, da Phoenix na ƙasar Sin da ya biyo baya, gidon ɗinsu a sama yake, mutum na zaune cak. An yi su don kai buhun hatsi kasuwa da ɗauko jarkar ruwa. A cikin rairayin Dakoro wannan zama shi ya fi, domin nauyi na komawa baya, ƙafar gaba ba ta nutsewa.

Su kuwa 'yan tsere, iska ce abokiyar gabarsu. In gudu ya yi yawa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya. Shi ya sa suka lanƙwasa gidon ƙasa, suka mai da hankali kan ɗan ƙarfen da ke haɗa gidon da wuyan keke, wanda masu gyara ke kira potans. Major Taylor, baƙar fatan Amurka da ya zama zakaran duniya a Montreal a 1899, ya yi amfani da potans mai zamewa gaba da baya, har ake kiranta da sunansa. A 1989, Laurent Fignon yana gaban Greg LeMond da sakan 50 kafin rana ta ƙarshe ta Tour de France. LeMond ya ɗaura gidon mai miƙa hannuwa gaba, ya matse jiki, ya ci gasar da tazarar sakan 8 kacal.

Amma ku lura, waɗannan mutane keken aka auna da jikinsu. Yaronmu kuwa ya sayi keken da aka daidaita wa wani Bature dogo, ya hau haka nan. Bayan sati biyu sai ciwon wuya da ƙugu, hannuwa suna mutuwa. Mafi muni, kai a ƙasa ba ka ganin amalanke ko akuya sai ka iso kansu.

Gyaran kuwa ba tsada. Potans ta zamani tana da ɗan karkata, sau da yawa digiri 6. In an kwance ta aka juya ta sama, gidon zai ɗaga. Tsohuwar iri kuma, a sassauta ƙusar sama a ɗago ta, amma kada a wuce layin da aka zana a jikinta, don tana iya karyewa. In kana miƙewa kafin ka kama birki, potans ta yi maka tsawo, nemi gajera.

Iyaye, kafin yaro ya fara zuwa lakwal da irin wannan keke, ku kai shi wurin mai gyara a daidaita masa. Allah ya tsare mu bisa hanya.