Zoɓo, daga gefen gona zuwa Meziko

Kakanninmu ba don abin sha kaɗai suke shuka yakuwa a gefen gonar gero ba. Ganyen na miya ne, 'ya'yan a dafa a yi daddawar batso, jan soɓorodon kuwa a shanya a adana har rani. Mutanen Sudan da Masar sun daɗe suna shan sa saboda hawan jini. A 2010 masanan Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa gwajinsu: kofi uku kullum, mako shida, jinin masu sha ya ɗan sauka. Yau daga Jigawa ake loda buhunansa zuwa Meziko.

Abin da ke damuna shi ne tulin sukarin da muke zuba masa. Uwargida, rage hannu, ki ƙara citta da kanumfari.