Tarihin Neman Maganin Ciwon Dajin Hanta Ta Hanyar Gyaran Ƙwayoyin Gado

A wannan fitowa na ga ya kyautu in kawo mana tarihin wani yaƙi da masana ke yi da ciwon dajin hanta, domin da wuya a sami ɗaya daga cikinmu da bai san wani magidanci da wannan cuta ta ɗauke shi yana tsakiyar ƙarfinsa ba.

Kafin a nemi magani, sai da aka fara gano mafarin cutar. A shekarar 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika, sai aka tarar da wata guba da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan an adana su da laima, aka sa mata suna aflatoksin. A cikin shekarun nan dai na 1960 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya gano alamar ƙwayar cutar hanta nau'in B a cikin jini, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1976. A 1981 kuma wani bincike da aka yi a kan maza sama da 22,000 a Taiwan ya tabbatar cewa masu ɗauke da wannan ƙwaya su ne suka fi kamuwa da dajin hanta nesa ba kusa ba. Waɗannan abubuwa biyu kuwa, duk mun san akwai su a ƙasarmu.

To, ina ƙwayoyin gado suka shigo? Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa kowane tantani na jiki yana ɗauke da umarnin da ke tafiyar da shi. A cikin wannan umarni akwai wata ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta kamar na maigadi ne: idan tantani ya lalace, sai ta hana shi hayayyafa ko ta sa ya mutu. A 1991 masana suka duba dajin hanta na marasa lafiya a Sin da kudancin Afirka, inda aflatoksin ta yawaita a abinci, suka ga maigadin nan ya fi samun lahani a wuri ɗaya, wato gurbi na 249. Daga nan tambaya ta taso: tunda an san abin da ya ɓaci, me zai hana a aika da lafiyayye ya maye gurbinsa?

Ɗan aiken da aka zaɓa shi ne bairas, domin shiga cikin tantani sana'arsa ce. Sai a cire masa abin da yake cutarwa da shi, a ɗora masa saƙon da ake so ya kai. An fara gwada irin wannan magani a Amurka a 1990, a kan wata yarinya 'yar shekara 4 mai raunin garkuwar jiki, kuma duniya ta ɗauka an zo ƙarshen wahala. Ashe da sauran rina a kaba. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, mai wata cutar hanta ta gado wadda ba daji ba, ya rasu kwana 4 bayan an zuba masa bairas a jijiyar hanta a Jami'ar Pensilbaniya, saboda garkuwar jikinsa ta tasam ma ɗan aiken fiye da kima. Wannan rashi ya ja wa aikin birki na shekaru.

Duk da haka ba a karaya ba. A 2003 ƙasar Sin ta amince da Gendicine, bairas mai ɗauke da lafiyayyar p53, don dajin kai da wuya, daga baya likitocin can suka riƙa gwada shi a kan hanta. A Sifen kuma aka bi wata dabara: a dasa wa ƙarin wata ƙwayar gado, sannan a ba majiyyaci wani magani wanda ba ya zama guba sai a cikin tantanin da ya karɓi saƙon. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna jiki yana jure wa dabarar, amma ba ta kawar da ƙarin ba.

Wanda ya fi ɗaga hankalin duniya shi ne Pexa-Vec. An ƙera shi daga bairas ɗin da aka yi allurar agana da shi, wadda har yau wasunmu ke da tabon lambarta a dantse. An gyara shi yadda zai hayayyafa cikin daji ya fasa shi, ya kuma kira garkuwar jiki ta kawo ɗauki. A gwajin mutum 30 da aka buga a 2013, waɗanda aka ba su mai yawa sun rayu kimanin wata 14, waɗanda aka ba kaɗan kuwa kimanin wata 7. Amma da aka faɗaɗa gwajin zuwa ɗaruruwan mutane, sai aka dakatar da shi a 2019 don an ga ba ya ƙara kwana a kan maganin da ake da shi. Yanzu hankali ya karkata ga ɗibar sojojin jinin majiyyaci, a gyara musu ƙwayoyin gado a mayar da su jikinsa su farauci dajin, kuma wannan ma yana matakin gwaji ne.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, babbar nasarar da aka samu a kan cutar nan ta zo ne daga riga-kafi. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar cutar hanta nau'in B a 1984, kuma a 1997 aka buga cewa dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Gambiya ta fara a 1986, Nijeriya kuwa ta sa allurar cikin jerin na yara a 2004. Ke nan mu da aka haifa kafin lokacin ba mu samu ba, kuma ƙwayar takan zauna a jiki shekaru da dama ba tare da wata alama ba.

Saboda haka ina roƙon kowannenmu ya je a gwada jininsa, shi da iyalinsa. Wanda ba ya ɗauke da ita ya yi allura, wanda aka samu da ita kuma akwai magungunan da ke danne ta idan yana ganin likita. A kai jariri a yi masa cikin awa 24 da haihuwa. Manoman cikinmu kuma a busar da gyaɗa da masara sosai kafin a kai rumbu, a tsince masu fumfuna a zubar. Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci.